TABO: YADDA JIKI KE ƊINKE RAUNI, DA ABIN DA KE ƁATA ƊINKIN

 A wannan fitowar za mu ɗan jingine maganar girki da ta zaman gidan miji, mu taɓo wani abu da ke hana 'yanmata da yawa barci amma kunya ba ta barinsu su faɗa, wato tabo.

Abin da ya jawo maganar kuwa wasiƙa ce da na samu daga wata ƙanwata, ɗaliba 'yar aji shida a sakandare, mazauniyar Fagge, wadda ta roƙe ni da girman Allah in sakaya sunanta. Ta ce bara, lokacin bikin wata aminiyarta, su ƙawayen amarya suka haɗa baki suka je wani shago a Sabon Gari aka ƙara musu huji na biyu a kunne domin su sa barima iri ɗaya. Su shida suka je, biyar sun warke sumul, ita kuwa bayan kamar wata huɗu sai wani ɗan ƙullutu ya fito mata a bayan kunne kamar ƙwayar gyaɗa. Yau ga shi ya kai girman dabino, ga ƙaiƙayi, ga zogi idan ta kwanta ta wannan ɓarin, kullum kunnen yana cikin ɗankwali. Babban tashin hankalinta shi ne an sa mata rana, kuma ko angon bai sani ba. Wata ƙawarta ta ce ta je wanzami ya fille shi da aska, wata kuma ta ce ta ɗaure gindinsa da zare har ya bushe ya faɗi. Shi ne take tambayata wanne za ta yi.

Ƙanwata, kada ki yi ko ɗaya, garin neman gira ake rasa ido. To amma ba na so in hana ki kawai ba tare da kin san dalili ba, domin gobe wata ƙawar za ta sake kawo wata shawarar. Shi ya sa zan ɗauke ki, tare da sauran masu karatu, mu leƙa cikin fata mu ga aikin da ake yi tun daga lokacin da ta tsage har ta haɗe.

DARASIN BAKIN TASHA

Darasina na farko a kan tabo ba a aji na same shi ba. Ni a Fagge na tashi, kakata kuwa, Allah Ya jiƙanta, tuwo da miya take sayarwa a bakin Tashar Jirgin Ƙasa ta Kano. Tun 1911 dogo ya iso wannan gari, kuma shi ne sanadin kafuwar Sabon Gari, domin ma'aikatan jirgi da 'yan kasuwar da suka biyo shi daga kudu a can aka ba su mazauni. A zamanin ƙuruciyata idan jirgin Ikko ya iso bayan ya ci tafiyar fiye da kilomita 1,100, ko na Nguru ya shigo, sai ki ga fuskoki iri-iri suna sauka. Kakata ba ta tambayar mutum garinsu, fuskarsa kawai take karantawa: ga zuben Gobirawa, ga dogayen tsagen Barebari, ga na Yarabawa a kumatu, ga bille, ga 'yar baka, ga kalangu irin na kwalliyar mata.

Wata rana ina wanke mata kwanuka na ce, "Iya, me ya sa na yanke da wuƙa ya warke ba a ko ganin wurin, amma tsagen fuskarki har yau bai ɓace ba?"

Ta yi dariya ta ce, "Ke kishiya kin cika tambaya. Ai wanzami ba tsagawa kawai yake yi ya tafi ba, sai ya cusa baƙin tukunya a ciki don kada wurin ya haɗe da wuri."

Yanzu tsaga ta ja baya ƙwarai, har ma dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta hana yi wa yaro. Amma maganar tsohuwar nan tana nan daram, likitocin yau ma abin da suka gano ke nan: bayan zurfin rauni, babban abin da ke sa tabo ya yi muni shi ne a hana wurin haɗewa da wuri, kumburi ya daɗe a cikinsa. Ke nan duk yarinyar da ta ƙone ta barbaɗa toka, ko ta yanke ta cusa ƙasa ko gawayi, aikin wanzami take yi wa kanta ba ta sani ba.

Kafin mu shiga cikin raunin sai na gabatar muku da ma'aikatan da ke juya al'amarin, waɗanda 'yan ajin kimiyya suka sani da suna enzayim. Kada sunan ya ba ku tsoro, kullum kuna aiki da su a madafi. Idan mai kunun zaƙi ta dama gasara ta yi kauri, sai ta zuba niƙaƙƙen ɗanyen dankalin Hausa ta rufe ya kwana, da safe ki ga ya tsinke ya yi zaƙi. Enzayim ɗin cikin dankalin ne ya daddatsa sitacin ya mai da shi suga. Haka idan aka naɗe nama mai tauri a ganyen gwanda ya yi laushi. Wato enzayim wani ɗan ƙaramin sinadari ne da jiki ke ƙerawa, kowanne da aikinsa guda, wani almakashi ne, wani allura da zare, kuma yana gama aiki ya koma kan na gaba ba tare da ya ƙare ba.

JIRGI UKU A TASHA ƊAYA

Ki ɗauka jijiyoyin jininki layin dogo ne, wurin da kika ji rauni kuma tasha. Jirage uku ne za su shigo, kowanne da fasinjojinsa da lokacinsa, enzayim kuwa su ne masu ɗaga tuta, su ce wa wannan shigo, su ce wa wancan tashi.

Kafin ma jirgin farko ya iso, cikin 'yan mintoci, wani enzayim mai suna tirombin ya riga ya kama wani sinadari da ke narke cikin jini ya mai da shi zaruruwa, suka saƙu kamar raga suka tare jinin. Wannan shi ne daskarewar da kike gani, wadda daga baya take bushewa ta zama ɓawo.

Jirgin farko sojoji ne, wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira nutirofil. Cikin 'yan awoyi suke fara sauka, su cika tashar a kwana ɗaya zuwa biyu. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to fata ma tana tsagewa ƙwayoyin cuta ke kutsowa, su kuma waɗannan sojoji su aka turo musu. Da yawa daga cikin makamansu enzayim ne. Akwai wanda ke narkar da nama, akwai kuma wanda ke haɗa sinadari irin na bilicin wanki a cikin cikin ƙwayar don ya ƙone cutar da ta haɗiye. Illarsu ɗaya, 'yan gaba-dai gaba-dai ne, ba sa bambance abokin gaba da naman jiki mai lafiya. Ja da zafi da kumburin da kike ji a kwanakin farko alamar yaƙin ce, mugunya kuwa yawancinta gawarwakin waɗannan sojoji ne. Zuwansu dole ne, amma tafiyarsu ma dole ce.

A nan ne abin mamakin yake. Wurin da ya ji rauni yana aika saƙon neman agaji ta wasu ƙananan sinadarai masu bin jini. Akwai wani dangin enzayim, fiye da 20 a jikin ɗan Adam, da ake taƙaita sunansu da MMP, dukkansu almakashi ne. Ɗaya daga cikinsu, MMP-9, idan ya ɗan datse bakin wani saƙo sai ƙarfin kiran ya ninka kamar sau 10, sojoji su yi ta tururuwa. Amma a shekarar 2000 masu bincike a ƙasar Kanada suka nuna cewa wani ɗan'uwansa, MMP-2, idan ya datse wani saƙon kiran sai ya kashe shi, har ma guntun da ya rage ya je ya toshe kunnen sojojin su daina jin kira. Kin ga dangi ɗaya, wani na ɗaga koriyar tuta, wani na ɗaga ja. A 2007 kuma a ƙasar Sifen aka gwada ɓerayen da aka cire musu MMP-8, sai aka ga sojojin sun makara wajen zuwa, da suka zo kuma suka ƙi tafiya, raunin ya yi ta jan ƙafa bai rufe da wuri ba.

Jirgi na biyu yana isowa wajen kwana na biyu zuwa na uku, ɗauke da wasu manyan ƙwayoyi da ake kira makarofaj, ma'anar sunan kuwa babban maciyi, mu ce acici. Wani masani ɗan ƙasar Rasha, Élie Metchnikoff, shi ya fara lura da irin aikinsu a 1882, lokacin da ya soka ƙaya a jikin 'ya'yan wata halittar teku mai siffar tauraro, da gari ya waye ya ga wasu ƙwayoyi sun yanyame ƙayar. Wannan ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 1908.

Ni a wurina acici shi ne uban tafiya. Da farko da fushi yake sauka, yana yaƙi yana haɗiye datti da matattun sojoji. Amma yayin da yake share gawarwakin nan sai halinsa ya sauya, ya ajiye makami ya zama shugaban magina. Har a wannan sauyin akwai hannun enzayim: akwai wani sinadarin abinci guda ɗaya da enzayim biyu ke takara a kansa a cikin jikin acici, na farko yana mai da shi guba mai kashe ƙwayoyin cuta, na biyu, mai suna arjines, yana mai da shi kayan da za a yi saƙa da su. Muddin akwai datti ko cuta a cikin rauni, ko kina ta sosa shi kina ɓamɓare ɓawon kina fama shi, acici ba zai ajiye makami ba, jirgin sojoji kuma ba zai daina shigowa ba. Kin taɓa ganin tashar da fasinjoji ke ta sauka babu mai fita? To haka raunin yake zama.

Jirgi na uku na masaƙa ne. Daga wajen kwana na huɗu har zuwa mako uku suna ta saƙa wani zare mai ƙarfi da ake kira kolajin, suna cike ramin, sabuwar fata kuma tana rarrafowa daga gefe-gefe tana rufe sama. Enzayim ɗin da ke murza wannan zare ya yi ƙwari ba ya aiki sai da bitamin C da sinadarin ƙarfe. Shi ya sa matuƙan jiragen ruwan Ingila na da, waɗanda kan yi watanni a teku ba ɗanyen ganye ba 'ya'yan itace, har tsofaffin raunukansu da suka warke shekaru kan sake buɗewa, sai a 1747 wani likitansu, James Lind, ya gwada ba su lemo ya ga sun farfaɗo. Mu kuwa Allah Ya hore mana gwaiba da lemo da tumatir da zogale da garin 'ya'yan kuka, ga wake da ƙwai da kifi da gyaɗa masu gina jiki. Na sha jin ana hana mai rauni cin ƙwai ko gyaɗa wai suna sa mugunya. Wannan zance ne kawai, hana masaƙa zare ne.

Ke a ganinki rauni ya warke ranar da ɓawo ya faɗi, alhali a lokacin aka fara gyaran ɗinki. A mako na uku ƙarfin wurin bai wuce kashi 20 cikin 100 na lafiyayyar fata ba. Daga nan almakasan MMP za su dawo su yi ta warware saƙar gaggawa ana sake ta da zare mai kyau, aikin da kan ɗauki shekara ɗaya, wani lokaci har biyu. A wutsiyar ɗan kwaɗo aka fara gano wannan almakashi a 1962, lokacin da wasu masana biyu a Amurka, Jerome Gross da Charles Lapière, suka so su san yadda wutsiyar ke narkewa idan ɗan kwaɗon kududdufi zai zama cikakken kwaɗo. Duk da wannan gyara, tabo ba ya wuce kashi 80 cikin 100 na ƙarfin fata. Lafiyayyar fata saƙar tabarma ce, zare ya hau ya sauka ta ko'ina, tabo kuwa zarensa a jere yake ta fuska ɗaya, shi ya sa yake sheƙi, ba ya fitar da gashi ba ya gumi. Don haka kada ki yanke wa tabon wata biyu hukunci, mai ja da tudu a yau sau da yawa yakan kwanta ya dushe da kansa.

Almakasan nan su ma suna da masu riƙe musu hannu, wasu sinadarai huɗu da ake kira TIMP. Idan almakashi ya fi ƙarfin masu riƙo, duk abin da aka saƙa da rana sai a warware da dare, rauni ya ƙi rufewa ya zama gyambo, irin wanda ake gani a ƙafar masu sikila da masu ciwon suga. Idan kuwa saƙa ce ta fi yanka, sai zare ya yi ta taruwa ya yi tudu.

Wani abin da zai ƙara tabbatar miki da maganar kakata: jaririn da ke ciki, kafin wajen wata shida, idan fatarsa ta ji rauni takan warke babu tabo ko kaɗan, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne sojojin jikinsa ba su gama ƙosawa ba, kumburin ɗan kaɗan ne. Cikin baki ma haka, sau nawa kika ciji kuncinki, kin taɓa ganin tabo a wurin?

TO MENE NE YA FITO A KUNNEN ƘANWATA?

Bisa yadda ta kwatanta, kuma likita ne zai tabbatar idan ya gani da ido, wannan shi ake kira kiloyid. Wani likitan Faransa, Alibert, shi ya bayyana shi a 1806, sunan kuma daga kalmar Girkanci ta ƙafar ƙaguwa aka samo shi, saboda yadda yake miƙa yatsu ya shiga lafiyayyar fata. Bambancinsa da tabo mai tudu na yau da kullum shi ne, shi wancan yana tsayawa iyakar raunin kuma yakan kwanta, kiloyid kuwa yana ƙetare iyaka, ba ya kuma komawa da kansa. A cikinsa kumburi bai mutu gaba ɗaya ba, acici yana ta ba masaƙa umarni, su kuma sun ƙi jin ƙararrawar tashi daga aiki.

Ya fi kama mu baƙaƙen fata, ya fi fitowa tsakanin shekara 10 zuwa 30, kuma yana da wuraren da ya fi so: kunne, tsakiyar ƙirji, kafaɗa, gadon baya da haɓa. Yana kuma bin dangi. A nan Nijeriya ma an yi bincike a kan wani babban gida na Yarabawa da kiloyid ya yi yawa a cikinsu, aka buga sakamakon a 2017, inda aka samu sauyi a ƙwayar gadon da ke ƙera wani enzayim, ana kiranta ASAH1. Wannan ba shi ne dalilin kowane kiloyid ba, amma ya isa ya nuna miki abin da ya sa ƙawayenki biyar suka warke ke kika samu tsiro. Ba sammu ba ne, ba baki ba ne, ba kansa ba ne, ba a kuma ɗaukarsa wurin wani. Wani ƙaramin bincike da aka buga a Amurka a 2005 ya nuna kiloyid ya fi fitowa ga waɗanda aka huda wa kunne daga shekara 11 zuwa sama. Ashe iyayenmu da ke huda wa jaririya kunne tun tana cikin zanen goyo sun yi mana gata, hujin gayu na 'yanmatanci shi ne mai haɗarin.

Yanzu kin gane abin da ya sa na hana ki wanzami da zare. Yanka sabon rauni ne, kuma wanda ya fi hujin farko girma, a jikin da masaƙansa ba sa jin tsawa. Ko likita ne ya yanke shi a asibiti, idan yankan kaɗai aka yi ba a haɗa da wani magani ba, kusan rabi ko fiye sukan dawo, sau da yawa ma su fi na da girma. Abin da likitoci ke yi shi ne allurar wani magani mai kwantar da kumburi a cikin tsiron kansa, duk bayan mako huɗu zuwa shida, wadda ke rage saƙa ta ba almakashi dama, sai ƙaiƙayin ya lafa, tsiron ya yi laushi ya fara sacewa. Idan ya yi girma sukan yanke sannan su bi da allurar, da ɗankunne na musamman mai matse wurin, ko wani ɗan faifan silikon da ake liƙawa na tsawon watanni, wani lokaci har da gashi da na'ura. Ki samu Mama ki nuna mata yau ɗin nan, ta kai ki wurin likitan fata ko likitan tiyatar gyaran jiki a babban asibiti, irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Ƙashi na Dala. Ba zan yi miki alkawarin zai ɓace kafin biki ba, maganin kiloyid sai haƙuri. Shi kuwa angon, ni dai a ganina gara ya ji daga bakinki da ya gani da idonsa daren farko, kuma da wuya ki ga namijin da ya kai kuɗin aure gidanku ya fasa saboda kunne. Daga yau kuma ke da ƙarin huji, na kunne ko na hanci, da tsagar magani da ƙaho, haihata-haihata. Duk ranar da za a yi miki tiyata, ko ta haihuwa ce, ki gaya wa likita tun kafin a fara. Wadda duk ta san akwai mai irin wannan tsiro a gidansu ita ma ta kiyaye.

IDAN KIN ƘONE KO KIN YANKE

Sau da yawa tabon da ke jikin mata a madafi ake samo shi: man suya, ruwan zafi, bakin tukunya, ko salansar babur a ƙauri. Na ga 'yanmata masu suyar awara da ƙosai a kewayen tasha da hannuwa duk tabo, kuma idan kika tambaya kusan magani ɗaya suka sa, man goge baki, ko ɗanyen ƙwai, ko gishiri, ko baƙin man mota. Duk waɗannan ƙarin aiki ne ga sojojin jiki. Abin da ya dace shi ne ki sa wurin cikin ruwa mai sanyi mai tsabta, yana zuba a kai, na minti 20, ban da ƙanƙara. Ki cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura. Idan ya ɗuri ruwa kada ki fasa, wannan fatar ita ce bandejin da ya fi kowanne. Ƙunar da ta fi tafin hannunki faɗi, ko ta fuska, ko ta yatsu da gaɓoɓi, ko wadda ta kai mako biyu ba ta rufe ba, ta asibiti ce, domin irinsu ne ke barin tabo mai tudu ko mai janye gaɓa ta ƙi miƙewa.

Yanka kuwa, ki danne da tsumma mai tsabta har jini ya tsaya, ki wanke da ruwa mai yawa, ki shafa ɗan basilin ki rufe, kina canza bandeji kullum. Na san an saba cewa a bar ciwo ya sha iska, amma tun 1962 wani masani a Ingila, George Winter, ya nuna cewa raunin da aka rufe ya zauna da 'yar danshi sabuwar fata ta fi saurin rufe shi kusan ninki biyu a kan wanda aka bari ya bushe, domin ƙwayoyin fata ba sa iya rarrafe a kan busasshen wuri sai sun yi ta haƙa ƙarƙashin ɓawo. Idan yankan ya buɗe baki a je a ɗinke a ranar. Idan ƙusa ko tsohon ƙarfe ne ya soke ki, a yi allurar tetanos, cutar nan mai sanƙarar da jiki ta ɗaure muƙamuƙi, wadda ƙwayarta ke zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi.

Zuma fa? Tana da gaskiyarta, domin ƙudan zuma na zuba mata wani enzayim da ke fitar da sinadari mai kashe ƙwayoyin cuta a hankali, har akwai wadda aka tace musamman don asibiti. Gwanda ma an yi amfani da ita a sashen yara na babban asibitin Banjul a ƙasar Gambiya wajen cinye mataccen nama a ƙuna, aka buga rahoton a 1999. Sai dai can ma'aikatan jinya ne ke sawa suna dubawa kullum, zumar kasuwa kuwa Allah kaɗai Ya san wadda ba a haɗa ta da suga ba.

Saura baƙin tabo, wanda ƙurajen fuska ke bari, abin da ya fi damun 'yan makaranta. Wannan ba saƙa ba ce, launi ne. Kumburi ne ke zuga ƙwayoyin launin fata, wani enzayim mai suna tayirosines ya yi ta dafa baƙi yana zubawa a wurin. Duk matsar da kika yi wa ƙurji ƙara wa wannan tukunya wuta kike yi, rana ma haka. Idan kika bar shi, kika rage shiga rana tsaka ko kika sa man kare hasken rana, yakan dushe cikin watanni. Mayukan bilicin da ake cika shaguna da su kuwa, wasunsu suna ɗaure hannun wannan enzayim ne, amma idan aka daɗe ana shafawa sukan bar wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a kumatu wanda ya fi na farko wuyar magani. Wasu kuma maganin kumburi ne mai ƙarfi a ciki, wanda ke hana masaƙa aiki, fata ta yi siriri ta yi nankarwa, ranar da aka ji rauni ko aka yi tiyata ɗinki ya ƙi kamawa. Idan baƙin ya kai wata shida bai motsa ba, likitan fata yana da magungunan da yake bayarwa da awo da ƙayyadadden lokaci.

Masu tambaya a kan nankarwar ciki bayan haihuwa, na ga wasiƙunku, sai a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.